Gambo Sawaba: Mun Ƙirga Ɗaurin, Mun Bar Tukunyar

Sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da aka haife ta da kuma Oktoba da ta rasu, wani ɗan rubutu yakan zagaya wayoyinmu. Hotonta ne a sama, sai sakin layi huɗu ko biyar a ƙasa. Wani ya sa a Facebook, wani ya kwaso ya zuba a zauren WhatsApp na ’yan ajinsu, wani ya karanta da murya a TikTok. Sunan marubucin yakan canza, amma zubin ɗaya ne: an haifi Hajiya Gambo Sawaba a 1933, ta shiga NEPU tana da shekara 17, an ɗaure ta sau 16, ta sha dukan kawo wuƙa, ta rasu a 2001. Can wajen ƙarshe sai a sako jimla ɗaya, cewa ta kasance mai taimakon marayu da gajiyayyu. Daga nan sai addu'a, masu sharhi kuma su biyo da “Allah Ya jiƙan mazan jiya”, ko da yake mace ce.

Wannan ɗan rubutu shi ne tarihin Gambo da yawancinmu muka sani. Ya fi kowane littafi da aka rubuta a kanta masu karatu, saboda haka ya cancanci a zauna a yi masa nazari kamar yadda ake yi wa littafi. Mu da muke wannan sharhi ’yan yankin Faskari ne, da dangi a Ƙanƙara da Sabuwa, kuma daga nan muke karanta shi. Ƙorafinmu a kansa ɗaya ne. Ya ba gidan yari sakin layi huɗu, ya ba tukunyar da ta ciyar da mutane shekara da shekaru jimla ɗaya. A wurin da muka fito, waccan jimla ɗaya ita ce abin da ya fi damunmu.

Abin da rubutun ya riƙe

Kafin mu yi suka, mu ba shi haƙƙinsa. Abin da ya faɗa ya faru. Sunanta na yanka Hajaratu, aka kira ta Gambo domin a bayan tagwaye aka haife ta. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, mahaifiyarta Banufiya. Ta rasa su duka biyun tun tana ƙarama, karatun boko ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 13. NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ita ce ta ba ta fili, ta zama shugabar mata a reshen Sabon Garin Zariya. Ta je har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti ta ga yadda matan can ke haɗa kai. A farkon shekarun 1950 aka kama ta a Kano bisa laifin shiga gidajen kulle tana yi wa mata maganar siyasa, aka ɗaure ta, daga baya aka hana ta zaman birnin. Ta yi ta kiran a ba matan Arewa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976, lokacin tana da shekara 43.

Duk wannan ya kamata yaro ya sani. A ƙasar da ake koya wa ’ya mace cewa shiru shi ne adonta, labarin macen da ta miƙe a gaban maza ta yi magana ba ƙaramin abu ba ne. Littafin Rima Shawulu na 1990, The Story of Gambo Sawaba, ya yi babban aiki da ya adana tarihinta tun tana raye. Gajerun rubuce-rubucen waya su ne suka tatse labarin har ya rage saura ƙirga.

Mu duba yadda aka gina su. Zubin labarin jarumin tatsuniya ne: maraici, sai fita fagen daga, sai azaba, sai azaba ta biyu da ta fi ta farko, sai mutuwa da yabo. A irin wannan zubi, duk abin da ba faɗa ba ne ba shi da gurbi. Surfe da niƙa ba su da gurbi. Neman kuɗin magani da tsakar dare ba shi da gurbi. Shi ya sa gidanta na Sabon Gari, wanda aka shaida cewa bai rabu da yaran riƙo da marasa lafiya da baƙin da ba su da masauki ba, ya zama ɗan ƙarin bayani kawai, kamar a ce tana son shan fura. Rubutun da Tayo Agunbiade ta yi a shafin Aljazeera a 2021, wanda ta zanta da ’yar marigayiyar, ya ɗan buɗe mana ƙofar gidan. Amma da Turanci ne, kuma masu kwafa zuwa Hausa sun ɗauko lissafin ɗaurin sun bar sauran a can.

Ga tambayoyin da rubutun wayar bai taɓa yi ba. Tiya nawa ake aunawa a gidan a rana? Daga ina kuɗin ke fitowa? Idan tana tsare, wa ke ɗora tukunya? Su waye matan da suke tare da ita, waɗanda ba a sa wa asibiti sunansu ba? Da ta rasu a Oktoban 2001, ina yaran suka nufa? Yau akwai babban asibiti a Ƙofar Gayan ta Zariya da ke ɗauke da sunanta, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero. Sunan ya tsira. Aikin fa?

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mana a rai

A Yunin 2020 ’yan bindiga suka afka wa Kadisau da ke ƙaramar hukumar Faskari, suka kashe gomman mutane. Kafin wannan da bayansa, ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa sun watse. Waɗanda suka tsira suka kwararo cikin gari, wasu suka cika azuzuwan makarantar firamare, wasu suka bi gida gida suna neman wanda suka sani. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka yi kwana shida suna zarya a ƙofar makarantar kafin a sako yara 344. Duniya ta ji labarin Ƙanƙara. Abin da ba ta ji ba shi ne wanda ya ciyar da mutanen da suka baro gonakinsu a tsakiyar damina.

Muna da wata gwaggo a cikin garin Faskari. Mijinta ya rasu, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ta taɓa jin kalmar “jinƙai” a matsayin sunan wani aiki da ake ɗaukar mutum ba. Mata suka fara shigowa gidanta da goyo, na farko dangi ne, na baya ba ta san su ba. Ba ta kori kowa ba. Ɗakin da take ajiye gyaɗa ya zama makwanci, zaure ya zama na yara maza. Mu da muke aiki a birni mukan tura abin da ya sawwaƙa, a je wajen mai POS a ciro, a auno masara. Idan muka kira muka ce, “Gwaggo, anya nauyin bai yi yawa ba?” sai ta ce, “Ku dai ku turo abin da Allah Ya hore, bakin da Ya tsaga ba Ya hana shi abinci.”

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, domin a toshe wa ’yan bindiga hanyar sadarwa. Sai ya zama babu kira, babu tura kuɗi ta waya, sai an sami mai tafiya an ba shi a hannu. Cikin wannan hali hawan jini ya kwantar da gwaggo, aka kai ta asibiti a wani gari. Mako biyu ba su cika ba gidan ya watse. Ba wanda ya yi mugunta. Ita kaɗai ta san mai hatsin da ke ba ta bashi, ita kaɗai ta san maƙwabciyar da ke kawo kuka da daddawa, ita kaɗai ta san yaron da ke shan maganin farfaɗiya da inda ake samo shi. Komai yana cikin kanta. Wasu daga cikin matan sai a Funtuwa aka riƙa ganinsu, da roba a hannu.

Aikinmu gina manhajar kwamfuta ne, kuma akwai darasin da ake koya wa kowane ɗalibi tun a jami'a. Idan tsari gaba ɗaya ya rataya a kan na'ura guda, to komai ƙarfin na'urar, ranar da ta tsaya komai ya tsaya. Shi ya sa ake ajiye kwafin bayanai a wuri na biyu, ake rubuta yadda aiki ke tafiya domin wanda zai gaje ka, ake raba nauyi tsakanin uwar garke fiye da ɗaya. Mun san wannan sarai a wurin aiki. Ba mu taɓa kawo shi gidan gwaggo ba, domin labaran da muka tashi da su sun koya mana cewa taimako halin mutum ne, baiwa ce da Allah Yake ba wasu, abin da ya rage mana shi ne yabo da addu'a. Rubutun wayar nan a kan Gambo yana cikin masu koyar da wannan darasi.

Wata tela a Jamus

Domin a ga cewa ana iya ba da irin wannan labari ta wata hanya, bari mu ɗan leƙa Jamus. Akwai wata mata da rayuwarta ta yi kama da ta Gambo ta fuskoki da yawa, sunanta Marie Juchacz, ana furta shi kamar Yuhac. An haife ta a 1879 a wani gari da yanzu yake cikin ƙasar Polan, ’yar kafinta ce. Ta bar makaranta tana da shekara 14, ta yi aikatau, ta yi aikin masana'anta, ta yi jinyar masu taɓin hankali, sannan ta koyi ɗinki. Aurenta ya mutu, ta kwashi ’ya’yanta biyu ta koma Balin a 1906. Sai a 1908 dokar ƙasar ta yarda mata su shiga jam'iyyun siyasa, a shekarar ta shiga SPD, jam'iyyar ma'aikata mai ra'ayin gurguzu na dimokuraɗiyya. Matan Jamus sun sami ƙuri'a a Nuwamban 1918, bayan an ci ƙasar a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 19 ga Fabrairu, 1919, a garin Waima, ta zama mace ta farko da ta yi jawabi a majalisar ƙasar. Abin da aka fi tunawa a jawabin shi ne ta ƙi yi wa gwamnati godiya. Ta nuna cewa ƙuri'a haƙƙin mata ce da aka daɗe ana danne musu, kuma mai mayar da abin da ya ƙwace ba kyauta ya yi ba.

Da mu ne muke rubuta tarihinta, nan za mu tsaya, mu ƙara da gudun hijirar da ta yi, mu rufe da addu'a. Su Jamusawa ba su tsaya nan ba, domin rabin labarin ke nan. Yaƙi ya bar ƙasar cike da zawarawa da marayu da nakasassu da yunwa. Ranar 13 ga Disamba, 1919, Juchacz ta kafa wani kwamiti a cikin jam'iyyarta mai suna Arbeiterwohlfahrt, wato walwalar ma'aikata, wanda ake taƙaitawa AWO. Ga kunnen Bahaushe sunan ya zo daidai, domin awo ne farkon aikin: wuraren dafa abinci, ɗakunan ɗinki, kula da yara, ba mata shawara. Tushen tunaninta shi ne kada talaka ya tsaya a ƙofar mai kuɗi yana jiran sadakar da za a bi shi da gori. Talakawa su haɗa kai su taimaki juna, sannan su matsa wa hukuma ta mayar da taimakon doka. Ƙungiyar ta buɗe rassa gari gari, ta fara buga mujallarta a 1926, ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinƙai a Balin a 1928. Zuwa 1931 tana da ’yan sa-kai kimanin 135,000.

A 1933 Hitila ya hau mulki, aka haramta ƙungiyar, aka ƙwace kadarorinta. Juchacz ta tsere zuwa yankin Saar, inda ta buɗe wurin cin abinci domin ’yan gudun hijira irinta. Daga nan ta shiga Faransa, a 1941 ta isa Amurka. Ga inda darasin yake: a 1946, bayan yaƙi, aka sake kafa AWO a Jamus alhali ita tana Niyok. Waɗanda aka horar, irin su Lotte Lemke, su suka tashe ta, domin sun san yadda ake aikin, akwai shi a rubuce, akwai shi a hannun mutane da yawa. Ta dawo gida a 1949, ta rasu a 1956. Yau ƙungiyar tana da ma'aikata fiye da 200,000, tana tafiyar da gidajen renon yara da na tsofaffi da wuraren karɓar baƙin haure. Shekara 12 na haramci da rashin mai kafa ta ba su kashe ta ba. Gidan gwaggonmu mako biyu ya gagare shi.

Kada a ɗora wa Gambo laifin da ba nata ba

A nan dole mu yi hattara, domin kwatance yana da saurin zama zalunci. Juchacz ta sami jam'iyyar da ke da mambobi masu biyan kuɗin wata, da ƙungiyoyin ƙwadago a bayanta, da kujera a majalisa daga 1919 har 1933. Gambo ta yi aiki a jam'iyyar da ’yan doka da kotunan alƙalai na En'e ke farauta, jam'iyyar da ko izinin taro sai ta sha wuya, wadda abokan hamayya ke kiran matanta da sunayen da ba za mu maimaita ba. A 1966 soja suka rushe jam'iyyu gaba ɗaya. Macen da ba ta da ƙuri'a, wadda ke fita daga wannan kurkuku ta shiga wancan, ba za a tambaye ta dalilin da ya sa ba ta buɗe makarantar horar da ma'aikata ba. Ta yi abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sukarmu tana kan masu ba da labarin, mu da muke zaune lafiya da waya a hannu, muka zaɓi abin da ya fi jawo sharhi muka bar abin da za a iya koyo.

Kada kuma wani ya ce tsari irin wannan na Turawa ne. Tun kafin a haifi Juchacz, Nana Asma'u ’yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ’Yan Taru. Takan naɗa jaji, dattijuwa mai hankali, ta ba ta malfa, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙa su mayar gida. Matan nan ba karatu kaɗai suka riƙe ba, har da duba marasa lafiya da taimakon masu haihuwa da wankan gawar mata. Da Asma'u ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba, aikin ya wuce su duka biyun da fiye da shekara ɗari. Wannan shi ne raba nauyi da horar da magaji, da Hausa da Fulatanci. A zamaninmu akwai Jam'iyyar Matan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1963, akwai FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, mai makarantu da asibitoci a jihohi da dama. A cikin gidajenmu akwai adashi, akwai gudummawar biki, akwai gayya. Ba mu rasa iri ba. Marubutanmu ne ba su ɗauki waɗannan a matsayin abin da ya isa a gina labari a kansa ba.

Haka abin yake a ƙagaggun labaranmu

Wannan rauni bai tsaya a rubutun tarihi ba. Mu ɗauki ɗaya daga cikin littattafan da muka fi girmamawa, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da ’ya’yanta tara saboda amarya, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. Balaraba ta yi abin da ’yan kaɗan suka yi, ta nuna mana gumin mace da lissafin kwabonta. Duk da haka, babban sauƙin da ya zo wa gidan ya biyo ta hanyar auren da ’yarta Saudatu ta yi da mai hali, sakayya kuma ta zo ta gobarar kasuwa da ta cinye dukiyar Alhaji Abdu. Marubuciyar ta faɗi gaskiyar zamaninta: macen da aka kora ba ta da wata ƙofa sai ta dangi da ta suruki. Abin tambaya shi ne, bayan shekara fiye da 30, me magadanta suka ƙara a kai?

Duk mai bin littattafan da ake sakewa babi babi a WhatsApp da Wattpad ya san amsar. Yarinya marainiya tana talla, mota mai baƙin gilashi ta tsaya. Ko kuwa wata Hajiya mai gidauniya ta gan ta ta tausaya. Yanzu har ’yan gudun hijira sun fara shiga labaran, amma a matsayin matakalar da jarumi zai taka ya nuna kirkinsa. Da wuya ka ga labarin da mata goma marasa galihu suka zauna suka yi rigima a kan wa za ta riƙe kuɗi, suka ɓata, suka shirya, suka fitar da ƙa'ida. Alhali a nan rikicin yake, a nan halin ɗan Adam ke fitowa: amana da zargi, son kai da kunya, uwargidan da ke ganin ita ta fara, baƙuwar da ta fi kowa iya lissafi amma ba a yarda da ita ba domin daga ƙauye ta zo.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan. Idan aka mayar da Gambo “mai taimakon talakawa” kawai, an raba ta da siyasarta. NEPU ba ƙungiyar rabon sadaka ba ce. Takardar manufofinta ta 1950, wadda aka sani da sunan Sawaba, ta yi magana ne a kan talakawa a matsayin ajin mutanen da masu mulki ke ci da guminsu. A wurin Gambo, ciyar da maraya da neman ƙuri'a aiki ɗaya ne, kamar yadda yake a wurin Juchacz. Rubutun wayar ya tsaga su biyu, ya ba siyasa ɗaurin, ya ba kirki tukunyar. Sakamakon haka muna gani a yankinmu duk lokacin da aka zo rabon buhun shinkafa da kyamara: ana sa gwauruwar da aka kashe wa miji ta yi godiya da jinjina, kamar ba haƙƙinta ne a tsare mata rai da gona tun farko ba. Addininmu ma bai kira zakka alfarma ba, haƙƙin mabuƙaci ne a cikin dukiyar mai shi.

Mun san abin da za a ce

Za a ce ƙungiya a ƙasar nan hanyar ci ce. An ga gidauniyoyin da suka ƙare a allon sanarwa da hoton mai su, an ga kayan agajin da suka ɓace tsakanin sito da sansani. Za a ce gara gwaggo da zuciyarta ɗaya da kwamiti mai shugaba da ma'aji. Wannan magana tana da nauyi, kuma mu ma mun ga abin da ya haife ta. Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Matsalar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta wuce abin da zuciya ɗaya za ta ɗauka, ta kuma daɗe fiye da yadda jiki ɗaya zai jure. Maganin ƙungiyar da ake ci a cikinta shi ne lissafin da kowa ke gani da shugabancin da ke zagayawa, irin wanda matan adashi suka iya tun kafin a kawo banki. Za a kuma ce rubuta alheri yana kawo riya. Littafin da aka rubuta wa ke bin bashin tiya uku da wane yaro ke buƙatar magani ba na nuna wa duniya ba ne, na wadda za ta karɓi aikin ne ranar da mai shi ta kwanta.

Abin da muke roƙon marubuta

Yaran da suka tashi a gidan Gambo yanzu manya ne, wasunsu suna da jikoki. Matan da suka yi NEPU da PRP da GNPP tare da tsararta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin Fabrairu mai zuwa, maimakon a sake kwafo sakin layi biyar ɗin nan, wani ya hau mota ya je Sabon Garin Zariya da wayarsa, ya zauna ya tambayi yadda gidan ke kwana da tashi. A rubuta da Hausa, domin waɗanda suka fi buƙatar labarin da Hausa suke karatu. Masu ƙagaggun labarai kuma su dubi kudancin Katsina. Akwai mata a can da ke yin aikin Gambo yau, ba tare da jam'iyya ko suna ba, kuma labarinsu ya fi na mota mai baƙin gilashi abin faɗa.

Gwaggo ta dawo gida, ƙafa ɗaya tana ja. Cikin matan da suka komo akwai wata da ta yi aji uku a sakandare kafin a tashi ƙauyensu. Ita ta sayo littafin rubutu irin na ’yan firamare, ta ja layi, ta rubuta sunan mai hatsi da abin da yake bi, da ranakun da kowane gida cikin gidaje huɗu na layin zai ɗora tukunya. Gida ɗaya ya riga ya janye, an ce maigidan ne ya hana. Gwaggo ba ta son littafin, tana cewa ita ba ta saba yi wa Allah lissafi ba. Amma ranar da za ta koma ganin likita, da kanta ta ce a miƙa shi ga maƙwabciya kafin ta fita.